Yadda Na Bushe a Kan Dutsen Mambila

Tun da na dawo Mafara ban zauna gidan suna ko gidan gaisuwa ba sai an jawo ni gefe an tambaye ni, "Dije, wai da gaske har ƙarin ruwa anka yi maki can?" In na ce da gaske ne, sai a ce, "To ba garin sanyi anka ce ba, inda ruwa ka gudu ko'ina?" In na ce haka ne, sai a yi mani kallon wadda ta haɗa zance biyu da ba su shan inuwa ɗaya. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa zan ɗauko shi daga tushe. Sai dai kada kowa ya sa rai zan warware masa abin, don ni da ya faru a jikina ma rabinsa na gane.

Murja ɗiyata ce ta uku. Mijinta Lawali ɗan Maradun ne, gidansu kaka da kakanni fataucin shanu suke yi, kamar yadda namu gidan yake na fawa. Shekara biyu ke nan da ya koma kan dutsen Mambila a jihar Taraba, yana sayen shanu yana lodawa kudu, ya kuma tafi da ita. Da ta samu cikin fari mun so ta dawo gida ta haihu kamar kowace ɗiya, amma ƙafafunta suka kumbura, asibitin can suka hana ta doguwar tafiya. Kwana biyu bayan ƙaramar Sallah aka bugo waya cewa ta sauka lafiya, an samu namiji. Maigidana ya ce tunda ɗiya ba ta zo wanka ba, sai wanka ya bi ta. Dangin miji suka ba da Hajiya Kulu, gwaggon Lawali, mutuniyar Faru, wadda ta ɗan girme ni kuma ba ta san abin da ake kira nauyin baki ba. Ƙanena Garba ya zo daga Birnin Tudu don ya raka mu.

Mun tashi a tsakiyar bazara, irin zafin da kaji ke buɗe baki a inuwa. Na ɗaure gero da kanwa da daddawa da yajin jego, Kulu ta riƙo man shanu a goran roba. Ba mu yi sammako ba, sai da rana ta ɗaga motoci suka fara kai da kawowa, don yanzu ba mai ɗaukar hanyar Gusau da duku-duku.

Ni ina da wata ƙa'ida tun ina budurwa: ranar tafiya ba na shan ruwa. Mota cike da maza, ba zan iya buɗe baki in ce a tsaya mani ba. Ina kurɓa kaɗan in jiƙa maƙogwaro, shi ke nan. Kulu kuwa da jarkar fura ta shiga mota, ga zoɓo, ga ruwan leda a cinya. Ba mu yi nisa da Tsafe ba ta daki bayan kujerar direba.

"Ɗan nan, tsaya muna."

"Hajiya, yanzu fa muka tsaya shan mai."

"Waccan taka ta, wagga tawa ta."

Motar ta ɗauki dariya, ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska don kada a ce tare muke. Haka ta yi ta yi har Gombe, inda muka kwana gidan wani ɗan uwan maigidana da ke fawa a can. Washegari muka bi ta Numan muka isa Jalingo da la'asar. A nan ba mu da kowa, sai Garba ya kai mu wani masaukin baƙi kusa da tasha. Matar da ke ba da makulli ta dube mu ta dubi Garba, ta tambaye shi ko ɗaki ɗaya zai haɗa matansa ko kowacce da nata. Garba ya rasa inda zai sa kansa. Kulu ta gyara ɗaurin kallabi ta ce a rubuta ita ce amarya.

Kwana na uku shi ne na hawan dutse. Bayan Serti, a wani gari da ake kira Mayo Selbe, direba ya tsaya ya shayar da motarsa ruwa, fasinjoji kuma kowa ya kama addu'a da yarensa, Musulmi da Kirista. Ban gane dalili ba sai da muka fara hawa. Hanya ce tana naɗewa kamar gammo, dutse a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma rami ne da ban yarda na leƙa ba sai sau ɗaya. Can sai na ji kunnuwana sun toshe, ina ganin bakin Garba na motsi amma maganarsa kamar daga cikin rijiya. Kulu kuma ta ɗago goran man shanunta, ya kumbura ya yi tam kamar cikin akuyar da ta ci rogo. Tana murɗa marfin ya yi tsaki mai ƙarfi. Ta sake shi a ƙasa tana a'uziyya.

Wani dattijon Bafulatani da ke bayanmu ya ce, "Kada ki ji tsoro, Hajja, iska ce. Iskar sama ba irin ta ƙasa ba ce."

Kulu ta juyo gare ni ta rage murya. "Kin jiya ko? Da bakinai ya ce akwai iskoki."

Muna kaiwa sama sai zafi ya ɗauke kamar an rufe ƙofar tanda. Ƙasa kore shar, shanu manya-manya a kan tuddai ba makiyayi kusa da su, don kowa ya kewaye makiyayarsa da waya. A Nguroje muka canja zuwa wata tsohuwar Landiroba da aka ɗaure ƙofarta da igiya, ita ta kai mu garin su Murja, can kusa da iyakar Kamaru. Na sauka ina rawar ɗari cikin kayan da na baro Mafara ina gumi a cikinsu.

Na samu ɗiyata lafiya, jinjiri kuma tubarkalla. Amma gidan ne ya fara ɗaure mani kai. Ba katanga, ba zaure, shinge ne kawai na ɗanyen itace. Ɗakunan a jere, kuma makewayi yana can gaba, bayan barandar da Lawali ke zama da abokan fataucinsa. A wajenmu makewayi na ƙuryar gida ne, mace ta shiga ta fita ba wanda ya sani. A nan kuwa sai kin ɗauki buta kin ratsa gaban surukinki da baƙinsa, su kuma su tashi tsaye su shiga gaishe ki, "Inna, an tashi lahiya? Ya baƙunta? Ya sanyi?" ke kuwa ga buta a hannu. Satin suna ne, barandar ba ta rabuwa da maza.

Sai ga abin da ya fi wannan. Tun ranar farko fitsari ya matsa mani. Ni da na yi kwana uku ina kurɓar ruwa kamar magani, ina wannan ruwan yake fitowa? In na dawo ban daɗe da zama ba sai in ji kamar ban je ba. Mahaifiyata ciwon suga ne ajalinta, kuma da haka ya fara mata. Na ce a raina to nawa ya zo, ya kuma zaɓi ya same ni a gidan suruki. Ban faɗa wa kowa ba, don mai jego ba ta bukatar tashin hankali. Dabarar da na ga ta fi ita ce in toshe abin daga sama: in ba a zuba ba, ai ba abin da zai fita. Na koma shayi kofi ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

Kuma ba wuya na sha ba, don ƙishirwa ko kaɗan ba na ji. Ruwansu daga idon ruwa yake gangarowa, garau da shi, amma in ya taɓa haƙori sai kin ji har ƙwaƙwalwa. Ko alwala sai an ɗumama. A Mafara randa ke kiran mutum, kafin azahar kin sha moɗa biyar ba ki sani ba. A can sai in wuni ban tuna da akwai wani abu wai shi ruwan sha ba.

Abincinsu tuwon masara ne da wani ganye da suke kira kumbi, sai gwaza da ayaba da dankalin Turawa. Akwai wani ɗan itace, fiya, cikinsa kamar man shanu amma ba gishiri ba zaƙi. Kulu ta ce wannan Allah bai gama halittarsa ba aka tsinko shi, amma kullum sai ta ci biyu. Gero babu, sai wanda na zo da shi. Darbejiyar da muke wankan jego da ita ma babu, da ganyen turare suke yi, wanda ya cika garin. Na ɗora wake tun hantsi, har azahar yana ƙwas-ƙwas, alhali tukunya na ta tafasa. Murja ta ce haka wake yake yi a nan. Na ce wace irin ƙasa ce wannan, wuta na ci, ruwa na tafasa, abinci ya ƙi nuna? Gabas ma ta ɓace mani. Sau biyu Murja na juya mani darduma.

Kwana biyu da zuwa leɓɓana suka tsage, kaina ya riƙa sara, in na ɗauko guga daga madafa zuwa bayan ɗaki sai in tsaya ina haki kamar na yi dakan gero. Kulu ta ce iskokin dutse ne ke gwada baƙo, ta turara mani wani abu da ta ƙullo daga Faru. Akwai maƙwabciyarsu, wata tsohuwar Bafulatana da ake kira Dada, ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Ta shigo barka, ta ƙura mani ido, ta taɓa leɓena da yatsa ta ce, "Yaru ndiyam."

Na ce, "Yaro lafiya lau, ga shi can yana barci."

Ta girgiza kai ta sake cewa, "Yaru, yaru."

Na ɗauko jinjirin na miƙa mata. Ta karɓe shi ta yi masa wasa, ta dube ni da tausayi ta tafi. Kusan kullum sai mun yi haka da ita, ni kuwa ina cewa tsohuwar nan akwai son yara.

Ana jibi suna Garba zai tafi kasuwar kan iyaka da mutanen Lawali don sayen rago, Kulu ta ce ƙafarta ƙafarsu, ba za ta zo har nan ta koma Faru ba ta taka wata ƙasa ba. Ta ja ni dole. Na zaci zan ga ƙofa ko gini, sai na tarar gora ce aka gitta a hanya, an ɗaure mata tsumma. Na wannan gefen suka duba katinmu suka ce mu dawo kafin la'asar. Na wancan gefen, jandarma, ya yi mana wata magana mai tsawo ta hanci. Kulu ta amsa masa da "Lahiya lau, ya ɗiya?" Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Kasuwar kuwa mutanen iri ɗaya ne da na wannan gefe, shanun iri ɗaya, Fulatancin iri ɗaya, kuɗin ne kawai suka canja. Sai burodinsu, dogo siriri mai tauri kamar sandar makiyayi. Kulu ta sayi biyu ta saɓa a kafaɗa.

Kasuwar a kan tudu take, mota ba ta hawa. Ina tsakiyar hawa numfashi ya gagare ni, na dafa gwiwa. Wata tsohuwa da a shekaru ta haife ni ta zo ta wuce ni da kwandon masara a goye a bayanta, don su matan can a baya suke ɗaukar kaya, ba a ka ba, kuma su ne ke noma. Ta waiwayo ta miƙo mani gorar ruwanta. Na yi godiya na ƙi karɓa, ina tuna ramukan hanyar komawa da mazan da ke cikin motar.

Aka yi suna lafiya, yaro ya ci sunan Abubakar, Garba ya juya gida. Ni kuma sai wata dabara ta faɗo mani. Muna cikin watan Shawwal, kuma shekara da shekaru Sitta Shawwal na ba ni wuya a Mafara saboda zafi. Ga ni a garin da ba rana ba ƙishi, ai wannan lada ce a ɓagas. Na ce wa Kulu mu ɗauka tare.

Ta ce, "Ni matafiya ta har ranar da ni koma Faru. Ke dai ki dibi bakinki awa faso, ki bari."

Ban saurare ta ba. Ban taɓa azumi mai sauƙin wannan ba. In an sha ruwa, shayina kofi ɗaya da ɗan tuwo, da sahur in kurɓi kaɗan. A rana ta biyu fitsarin nan da ya dame ni ya ɗauke, sai sau ɗaya a wuni, ɗan kaɗan, ja kamar an jiƙa kanwa. Na yi hamdala, na ce albarkar azumi ce ta kore mani ciwon. Ciwon kai dai ya ƙaru, in na miƙe sai ƙasa ta ɗan karkata, amma na ɗora wa sanyi laifi.

Rana ta uku da hantsi na gama yi wa Murja wanka, na zauna kan kujera 'yar tsuguno zan yi wa jinjiri nasa. Baho a gabana, tukunyar ruwan zafi a gefen dama don sirkawa, shi kuma yana kwance a kan ƙafafuna, jikinsa duk sabulu. Sai na ji wani ƙara a kunne kamar na injin niƙa daga nesa. Hasken ƙofa ya fara tsukewa. Na ji hannuwana ba nawa ba ne, ga yaro na santsi a cikinsu. Abin da na iya tunawa shi ne na ce, "Kulu, karɓi," ban ma san ko a fili na faɗa ba.

Na farfaɗo a ƙasa, zanena jiƙe. Murja na kuka tana kiran "Inna, Inna." Na ɗaga kai ina neman yaron, sai na gan shi a ƙirjin Kulu, ta rungume shi da kumfarsa da komai, yana tsala ihu. Ashe ta cafe shi ina cikin kifewa. Tukunyar da na ture ta zube daidai inda kansa yake a da, ta sami ƙafata ta hagu. Tabon na nan har yau. Tun da nake da Kulu ban taɓa ganin ta rasa magana ba sai ran nan.

Lawali ne ya ɗauke ni da hannunsa ya sa a mota. Ni da ban taɓa yarda mun haɗa ido ba tun da ya auri ɗiyata. Da ina da ƙarfi da na ce a bar ni in mutu a nan.

A ɗan asibitin garin muka sami wata ma'aikaciyar jinya, Sista Rifkatu, 'yar ƙabilar Mambila, mace mai jiki da sanyin magana. Ta taɓa aiki a Gusau, don haka Hausarta ta fita. Ta wanke ƙunar ta ɗaure, ta duba harshena, ta tsunkuli fatar bayan hannuna ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye kamar an naɗe ƙullu.

Ta ce, "Mama, yaushe rabonki da fitsari?"

Lawali na tsaye a bakin ƙofa. Na kafa wa bango ido. Ta dube ni ta dube shi, sai ta ce masa ya je waje ya jira. Da ya fita na faɗa mata komai, har da zancen mahaifiyata. Ta soki yatsana ta gwada, ta ce ba ni da suga ko kaɗan.

"Ruwan jikinki ne ya ƙare, Mama. Kin bushe."

Na ce, "Ɗiyata, a ina na bushe? Ni da na fito garin da rana ke fasa ƙasa ban bushe ba, sai nan da ko gumi ban yi ba? Ko ƙishirwa fa ba na ji."

Ta ciro ɗan madubi daga jakarta ta ce in huro masa iska. Na hura, ya yi hazo. Ta shafa da yatsa ta nuna mani danshin.

"Wannan ruwanki ne. Nan sama iska ba ta da kauri, dole mutum ya riƙa numfashi da sauri ko yana zaune, kuma kowane numfashi da ruwa yake fita. Gumi ma kina yi, iska ce ke shanye shi kafin ki gani. Baƙo kuma in ya hau, kwanakin farko jikinsa zubar da ruwa yake yi ta fitsari kafin ya saba, sanyi na ƙara masa. Ba ciwo ba ne. Mugun abin shi ne sanyi na kashe ƙishi. A garinku jiki na faɗa maki ki sha. A nan shiru yake yi."

Kulu da ke zaune a bakin gado ta ce, "To ni dai na ce iska ta, anka ƙi ji."

Na ce, "In jiki na bukatar ruwa, don me zai zubar da wanda yake da shi? Kuma da fitsarin ya tsaya ai na zaci sauƙi ne."

Sista ta ce, "Tsayawar ita ce abin tsoro. Da kin ƙara kwana biyu a haka, da ƙodarki muke magana yanzu." Ta rataya ledar ruwa ta soka mani allura. Na ce mata ina azumi. Sai muryar Lawali ta zo daga bayan ƙofa, ƙasa-ƙasa, "Inna, don Allah a yi haƙuri. Nafila ta."

Leda biyu aka ƙara mani. Ina kwance ina kallon ruwa na ɗiga cikin hannuna, a waje kuma ruwan sama ya kece kamar da bakin ƙwarya, har kwanon asibitin na yoyo a cikin bokiti. Da yamma Dada ta zo duba ni, ta tsaya a kaina ta ce, "Yaru ndiyam." Na tambayi Sista wai me tsohuwar nan ke nema da yaron ne kullum. Sista ta yi dariya har ta dafa gado. Ta ce ba yaro take cewa ba, cewa take yi sha ruwa. Kwana da kwanaki ke nan tana faɗa mani.

Ban san lokacin da Kulu ta tsare Lawali ta zazzage masa dalilin ƙin shan ruwana ba, sai daga baya Murja ta gaya mani. Na so ƙasa ta tsage. Kwana biyu da sallamo ni sai na ji ana haƙa a bayan ɗakinmu, kafin sati an kewaye sabon makewayi da kwano, ƙofarsa na kallon madafa. Benci da tabarmin baranda kuma suka koma can bakin hanya ƙarƙashin itatuwan turare, inda Lawali da baƙinsa suka riƙa zama cikin sanyi da yayyafi har muka yi arba'in. Bai taɓa ɗaga zancen ba, ni ma ban taɓa ba. Gaisuwarmu dai ta ƙara tsawo.

Sista ta kafa mani doka: kowace salla, kofi biyu na ruwa mai ɗumi, ko ina so ko ba na so, in kuma riƙa duba launin fitsari, in ya yi duhu in ƙara. Ta ce Murja ma ta riƙa yi saboda nono. Shan ruwa ba ƙishi aiki ne, jama'a. Ina sha ina jin kamar ana yi mani ɗure. Amma ciwon kai ya tafi, leɓe ya warke, haki ya ragu. Wankan jinjiri dai Kulu ce ta ci gaba da yi. Sai da aka yi kwana goma kafin na yarda na sake ɗaukar shi a jiƙe, shi ma sai tana zaune kusa da ni.

Da na ba maigidana labari a waya, na ce masa har yanzu ban gane yadda mutum zai bushe a cikin sanyi ba. Sai ya ce, "Ke da kinka ga ana shanya kilishi shekara talatin. Ai ba rana ɗai ka busar da nama ba. Ranar da iska ka kaɗawa ya fi saurin bushewa, ko da rana ba ta da ƙarfi." Wannan ya ɗan shige ni fiye da madubin Sista, ko da yake ban ji daɗin misalin ba. Zancen jiki ya zubar da ruwa alhali yana nema kuwa, har yau ban sami wanda ya daidaita mani shi ba.

Ranar da za mu sauko, Murja ta rako mu har mota da Abubakar a goye, ya yi kumatu. Dada ta kawo mani zuma a kwalba, na ce mata "Yaru ndiyam," ta tafa hannu tana dariya. Muka gangaro ta hanyar nan mai naɗewa, kunnuwa suka toshe suka buɗe. Tun kafin mu kai ƙasa na cire rigar sanyi, sannan na sassauta mayafi. A Mayo Selbe direba ya tsaya, na fito, zafi ya dake ni a fuska kamar na leƙa tukunya. Na ji gumi ya tsattsafo mani a wuya ya gangara baya. Sai kuma na ji wani abu a maƙogwaro da na manta da shi, harshe ya manne a ganɗa, miyau ya kafe.

Na sayi ruwan leda uku, na tsaya a tsakiyar tasha, cikin rana, gaban direbobi da 'yan kamasho, na shanye biyu ban sauke numfashi ba. Ina fasa ta uku Kulu ta leƙo fuskata.

"Ke Dije, mi kike ma kuka?"

Na ce, "Ƙishi nike ji, Hajiya."

Ta dube ni, ta dubi ledar. "To ai ga ruwa nan hannunki. Sha."